Masana'antun Ƙarƙashin Gado

Ina da albishir ga masu kukan cewa Gombe ba ta da masana'antu, wai in ka cire simintin Ashaka sai 'yan injinan shinkafa da na matsar gyaɗa. Ku share hawayenku. Tun da aka yanko jihar nan daga Bauchi a 1996 ba a taɓa ganin kamfanoni sun yi tsiri irin na 'yan shekarun nan ba, kuma a iya bincikena hedikwatarsu tana Shamaki. Kada ku wahalar da kanku neman hayaƙin inji ko jiniyar tashin ma'aikata. Kamfanonin namu ba sa hayaƙi, ba sa ƙara, ba sa rigima da masu yanke wuta. Ofis yana cikin waya, sito yana ƙarƙashin gado.

Mai musu ya ɗauki wayarsa bayan sallar Isha ya leƙa sitatus ɗin WhatsApp. Adda shugabar kamfani ce. Ƙanwar matarka da ko sakamakon jarrabawa ba ta karɓo ba, ita ma shugaba ce, kuma ita ta assasa. Yaron da ka aika sayo kati jiya, yau ya harɗe hannu ya kalli gefe, ya rubuta CEO a ƙasan hoto. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarje wa mutum ɗaya ya yi rajistar kamfani shi kaɗai, to mu mun ma zarce doka. Mutum ɗaya shi ne shugaba, shi ne akanta, shi ne ɗan aike, kuma a watan farko shi ne kwastoma.

Ga wanda aka bari a baya, bari in koya masa yadda ake kafawa, ba sai ya biya kuɗin horo ba.

Da suna ake farawa. Fara neman kaya tsohon yayi ne. Ki ɗauki sunan 'yar autarki, ki gutsure rabi, ki manna masa wata kalmar Turanci mai nauyi irin su Luxury ko Global ko Empire. Ko da iyakar daular daga bakin ƙofar ɗaki zuwa bakin rijiya ce, ba wanda zai zo da awo. Daga nan sai tambari, kuma ba ya wuce kambin zinare a kan baƙin fili. A garin da sarkinsa rawani yake naɗawa, kowace robar man shafawa kambi gare ta. Sai a garzaya wurin mai buga takardu a bugo sitika, a sayo robobi da kwalabe, a yi kek, a hura balan-balan, a kira ƙawaye bikin buɗe kamfani. Bayan an watse, an share tsakar gida, sai shugaba ta yi tagumi ta ce, “To yanzu me za mu zuba a ciki?”

Amsa ba ta wuya. Akwai Babbar Kasuwa, akwai Tudun Hatsi ga mai son garin kunu. Mayafi da abaya a aika Kantin Kwari, humra da turaren wuta a kira wata 'yar'uwa a Maiduguri. In kuma yaji ne, ba sai an hau mota ba, gidan Goggo yana bayan layi.

Goggo ta fi shekarun shugabar kamfani tana daka yaji. Barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba, ƙuli-ƙuli, duk da ido take aunawa. A ƙullin leda take sayarwa, kuma babu matar layin da ba ta taɓa ce mata ya yi tsada ba, ko ta nemi gyara. Sai Adda ta aiko a auna mata kwano biyu. Ta juye a robobi, ta manna kambi, ta shimfiɗa farin zane, ta ajiye furen roba a gefe, ta haska fitilar nan mai zagaye, ta ɗauki hoto. Kafin Magariba maƙwabciyar da ta fi kowa neman ragi ta tura kuɗi ninki uku ba tare da ko tari ba. Har da takawa gidan Goggo da robar a hannu.

“Goggo, ɗanɗana ki ji yadda 'yan zamani ke haɗa yaji. Ya kamata ki koyi irin wannan.”

Goggo ta lakata ta sa a baki, ta juya harshe, ta gyaɗa kai.

“Mai haɗin nan ta iya, 'yar nan. Kimba ce kawai ta ɗan yi yawa. Ranar hannuna ne ya zarce.”

Kada a ce na ce sana'ar haramun ce, ko mu muka ƙirƙiro ta. Sa sunanka a kan kayan da wani ya ƙera kasuwanci ne da ake ci da shi a duniya. Kantin Costco na Amurka tun 1995 yake sayar da kaya da sunan Kirkland Signature, kuma batiran da ke ɗauke da wannan sunan, kamfanin Duracell ne ke yi musu. Amazon ma ya fito da nasa a 2009, daga wayar caji har tawul, alhali wasu masana'antu ne ke ƙerawa. Abin da suke yi kafin manna suna shi ne inda muka raba hanya. Sukan rubuta wa mai ƙerawa irin abin da suke so dalla-dalla, a yi samfuri, a gwada, a sa hannu a yarjejeniya, kuma in kaya ya ba da matsala su mai saye zai kama, su mayar masa da kuɗinsa. Abin daidai yake da raɗa wa yaro suna: ranar suna kai ake wa barka, ranar da ya fasa wa ɗan maƙwabta kai kuma ƙofarka za a buga. Mu barkar muke so.

Maza ma ba a bar su a baya ba, sai dai su ba sa ƙasƙantar da kansu da yaji. Hamma daga Sin yake oda. Ya ji labarin Yiwu da Guangzhou, ya biya kuɗin wani aji a WhatsApp da aka yi alkawarin mayar da shi miloniya kafin azumi, aka nuna masa shafin 1688, kasuwar sari ta kamfanin Alibaba da komai nata da Sinanci aka rubuta. Hamma bai san ko harafi ɗaya ba, amma hoto ai ba ya buƙatar tafinta. Masana'anta ta ce ba ta buga suna a kan takalmi sai an sayi ɗaruruwa. Aka ce ya fara karɓar samfuri ya gani, ya ce ɓata lokaci ne, shi da Allah ya dogara. Ya sayar da babur, ya karɓi adashin Inna.

Lissafin ribar da ya yi a bayan kwalin sigari bai san da kuɗin jirgi ba, bai san da kwastan ba, bai san da ladan eja da kuɗin mota daga Kano zuwa Gombe ba. Bai kuma shawarci naira ba. Wanda ya yi irin wannan lissafi a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a Fabrairun 2024 ta haura 1,500, ga tallafin fetur an janye tun Mayun 2023. Bayan wata da watanni kaya suka iso. Sunan Hamma ya fito raɗau a kan kowane takalmi, har da kambi. Matsala ɗaya ce, babu ƙafar Bagomben da ta shiga, in ba ta 'yan firamare ba. Yanzu duk wanda matarsa ta haihu a unguwa ya san gudummawar da za ta zo daga gidan su Hamma, sai dai yaro ya girma ya tarar.

Sai mu zo kan talla, inda ake baje basira. Farashi dai sirri ne. Ka tambaya a fili, “Hajiya nawa?” sai a ce, “A biyo ni ta ciki.” Kafin a ba ka amsa an buɗe hotonka an yi nazari. In an gan ka da ihrami ko jingine da mota, kuɗi ya tashi. Kullum “saura guda biyu kacal”, alhali katan uku na hana mai gida miƙe ƙafa. Kullum ana saka saƙon godiya daga kwastoma, kuma abin mamaki duk kwastomomin kuskuren rubutunsu iri ɗaya ne da na shugabar kamfani. A ƙasa an rubuta ana aikawa ko'ina a faɗin duniya. Faɗin duniyar nan ya fara daga Pantami ya tsaya a Tumfure, in ya yi nisa a roƙi direban Gombe Line ya sauke a Bauchi. Iyayenmu sun ce ba a cinikin biri a sama. Mu muna yi, har mu biya kuɗin kawo birin.

Amma in za a yi adalci, shugabannin nan su ma suna ganin tasku, domin kwastomomin farko dangi ne. “Adda, ba ni ɗaya in gwada, in ya yi zan tallata miki.” “Anti, ki rubuta, albashi na shiga zan turo.” Wata ta ce ta tura, matsalar netwok ce, ta aiko da hoton rasit da ko bankin bai san da shi ba. Ka nemi kuɗinka a ce ka fiye son duniya, har a kai ƙararka wurin Baffa. Abin da ya ɗan shigo kuma akwatinsa ɗaya da kuɗin cefane da na anko da na data. Wata uku uwar kuɗi ta bi riba, sai a fito da sanarwa cewa kamfani zai tafi hutun sabunta tsari. Bayan Sallah ya dawo da sabon suna. Kambin dai yana nan.

Duk wannan abin dariya ne muddin a kan mayafi da takalmi aka tsaya. Inda dariya ke ragewa shi ne abin da ake ci, ake sha, ake shafawa. Kwalbar man da aka ce “haɗin gargajiya ne zalla”, ba sunan abin da ke ciki, ba ranar haɗawa, ba ranar lalacewa, ba adireshi, sai lambar waya da alkawarin fari cikin mako guda. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta sha gargaɗi kan mayukan bilicin masu ɗauke da sinadarin makuri da haidirokwinon da sitiroyid, har a 2023 ta ce lamarin ya kai matsayin ta-ɓaci. Haka zancen yake ga tsumi da gumba da sauran kayan mata da ake ɗurawa a jarka a aika gari ya gari cikin zafin rana.

Ka tambayi rajista, sai a turo maka hoton takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, cikin alfahari. Takardar nan shaida ce cewa an yi rajistar sunan kasuwanci, ba ta leƙa cikin kwalba ba. Mai duba abin da ke ciki da inda ake haɗa shi NAFDAC ce, kuma lambarta a jikin kaya ake bugawa. Mallakar suna da tambari kuma wani ofishi ne daban a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya. Shi ya sa in ƙawaye biyu suka wayi gari da suna ɗaya da kambi ɗaya, shari'ar ba ta wuce habaici a sitatus.

Ranar da fuska ta yi jawur kuwa, ga yadda sashen kula da kwastoma ke aiki.

“Hajiya, man nan fa ya ƙona min fuska.”

“Ai aiki yake yi, dattin ne ke fita. Ki ƙara sayen babbar roba.”

“Hajiya, har fata na saɓulewa.”

“To ni ma fa saro shi na yi, 'yar'uwa.”

Jiya kamfanin ne ya haɗa da hannunsa, da sirrin da aka gada daga kaka. Yau saro shi aka yi. In kika ƙara magana, hoton Hajiya ya ɓace daga wayarki.

Ba na cikin masu yi wa matasanmu dariya don sun tashi neman na kansu. Yarinyar da ta gama jami'ar jiha a Tudun Wada, ta zaga ofisoshi da takardu har takalmi ya cinye, ta dawo tana sayar da garin kunu, ta fi mai zaman jiran tsammani sau dubu. Kuma akwai masu yin abin da gaske, sun je sun yi rajista, sun rubuta abin da ke ciki, in an yi ƙorafi su karɓi kayansu su ba da haƙuri. Su ne za ka ga shekara na zagayowa suna nan da sunansu na farko. Fankan-fankan ba shi ne kilishi ba. Wadda ta ɗauki yajin Goggo ta tsaftace, ta auna, ta rufe da kyau, ta kai shi inda ƙullin leda ba ya zuwa, ta yi aiki kuma ta cancanci riba. Abin da ya rage mata shi ne ta biya Goggo da daraja, ta daina neman gyara, ta kuma yarda cewa ranar da kimba ta yi yawa ita za a tambaya.

Mu kuma masu saye, da mu ake damawa, tunda mu ne muke raina abu a leda mu girmama shi a roba. Kafin ka tura kuɗi, yi tambaya uku cikin ladabi: wa ya haɗa, me ke ciki, in bai yi ba ina zan mayar? In an amsa maka, ka saya ka kuma tallata, har ka biya nan take ko da Addarka ce. In kuwa aka toshe lambarka, ka yi hamdala. Kuɗinka na aljihu, fatarka na jikinka.