Wasiƙa zuwa ga tukunyar gas, daga Madarunfa

Zuwa ga tukunyar gas mai kilo 6,

Ina rubuto miki ne daga Madarunfa, inda kika fara zama ƴar gida a madafai da dama. Kafin matatar SORAZ ta Damagaram ta soma tace man Agadem a ƙarshen 2011, sai gidajen manyan ma'aikata na birni ake ganinki. Ina cikin masu murna da yaɗuwarki. Duk wanda ya tsaya bakin hanya ya ga amalanke da motoci suna fitar da itace daga dajin Baban Rafi zuwa Maraɗi ya san abin da kike rage mana, haka ma wanda ya dubi idon matar da ta shekara ashirin tana hura ɗanyen itace da damina. Sai dai akwai abin da ke damuna game da ke. Kina faɗin ciwonki tun kafin ya zama masifa, amma an sayar da ke ga mutane ba a koya musu jin maganarki ba.

Kina da ƴar'uwa a ƙasashen sanyi irin su Faransa da Jamus da Ingila. Ana kafa ta a bango, ta ƙona gas ta dafa ruwa, ruwan ya bi bututu ya ɗumama ɗakuna. Ita idan wani abu ya same ta, lamba take rubutawa a ɗan gilashin gabanta. A na'urorin kamfanin Vaillant, F.22 na nufin ruwan cikin bututu ya yi ƙasa, F.28 kuwa an kunna wuta ta ƙi kamawa. A na Baxi, E119 da E133 ne ke faɗin waɗannan biyun. Amfanin lambar shi ne ta nuna wa mai gida iyakarsa. In ruwa ne ya yi ƙasa, da hannunsa zai buɗe famfo ya ƙara har allurar ma'auni ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. In abin ya shafi gas, sai ya kira mai gyara. A Birtaniya duk mai sana'ar gyaran gas sai ya yi rajista a Gas Safe Register, a Faransa kuma tun 2009 wajibi ne a duba na'urar sau ɗaya kowace shekara. Abin da ya fi burge ni, kafin ta rubuta lambar ta riga ta datse gas ɗin da kanta.

Ke ba ki da gilashi, ba ki kuma iya datse kanki. In iska ta hure wutarki ana can zaure ana gaisawa da baƙi, haka za ki yi ta fitar da gas har ki ƙare. Duk aikin lura ya rataya a wuyan mai girki, wadda sau da yawa amarya ce da aka kawo ki cikin kayan ɗakinta, ko yarinya ƴar shekara goma sha biyu da aka ce ta ɗora ruwan shayi. Uwa tana rarrabe kukan yunwa da kukan ciwo domin ta daɗe tana saurare. Naki kukan, waye ya zaunar da su ya fassara musu?

Harshen wutarki ne farkon mai ba da labari. In shuɗi ne, tsayayye, yana fita daidai ta kowane rami, lafiya lau. Da hunturu, ƙura kan sa ya riƙa walƙiyar ja-ja yana komawa shuɗi, wannan ba abin tsoro ba ne. Wanda ake gudu shi ne harshe rawaya, dogo, mai lilo, da ke barin baƙi a gindin tukunyar miya. Ma'anarsa iska ba ta isar gas ɗin. Ko miya ta zube ta bushe a ramukan kan murhu, ko yanar gizo-gizo ta toshe ƙofar shan iska, ko zanzaro ya yi gini a ciki lokacin da aka ajiye ki ba a aiki. Maganinsa a kashe, a bari ya huce, a kwance kan murhun a goge shi da buroshi. Kada a zura ƙusa ko allura a ɗan ramin da gas ke fitowa, domin in ya buɗe fiye da kima wutar ba za ta ƙara daidaita ba.

Na tsaya a kan rawayar wutar nan ne saboda abin da take haifarwa. Gas ɗin da bai ƙone sarai ba yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Da sanyin Janairu, idan iskar tafkin Madarunfa ta kaɗo da asuba, akwai masu shigar da ke ɗaki su ja ƙofa su yi girki don a ji ɗumi. Sai ciwon kai, sai jiri, sai tashin zuciya, a ce zazzaɓi ne ya kama gida gaba ɗaya. In mutanen ɗaki ɗaya suka ji haka lokaci guda, suka fita waje abin ya lafa, to ɗakin ne. A fitar da kowa, a kashe wuta, a kai wanda ya galabaita likita.

Na biyu warinki. Gas ɗin cikinki asalinsa ba ya wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya kama yoyo. Ya fi iska nauyi kusan ninki biyu, shi ya sa ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake kwantawa, daidai inda yaro ke rarrafe da inda ake shimfiɗa tabarma. Kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki in ya kai, tartsatsi ɗaya ya isa. Wanda ya ji warin ya rufe bakinki, ya buɗe ƙofa da taga, kada ya taɓa makunnin lantarki, ya fitar da ke fili nesa da murhun gawayi. Neman wurin yoyo kuwa da ruwan sabulu ake yi: a shafa kumfa a mahaɗa, inda ya yi ƙwai-ƙwai nan ne. Har yanzu ana samun masu gwadawa da ashana, kuma duk sa'ad da na ji haka sai gabana ya faɗi. Sau da yawa laifin na ɗan zoben roban bakinki ne da ya tsufa ya tsage, abin da kuɗinsa bai kai na sabulu ba. Manyan tukwane masu tiyo kuwa, zafin rana da haƙorin ɓera ke cin tiyonsu, sai a lanƙwasa shi a duba ko ya fara tsattsagewa.

Wani lokaci wutarki ta yi rauni, jikinki ya yi sanyi har ya yi gumi. Gas ɗin a ruwa yake zaune cikinki, sai ya ɗebi zafi daga ƙarfen jikinki kafin ya zama iska, kuma inda gumin ya tsaya nan ne iyakar abin da ya rage. Masu gaggawa sukan kwantar da ke, ko su girgiza ki, ko su matsa da ke kusa da wuta. Duka ukun haɗari ne. A tsaye aka yi ki ki zauna, a inuwa. Ba a cika ki fal, ana barin kamar kashi ɗaya cikin biyar don gas ya samu wurin kumbura, kuma a zafin Afrilu da Mayu da ke haure digiri 40 wannan ɗan filin ne ke tsare gida. Shi ya sa nake tsoron ɗurin bakin hanya, inda ake juye gas daga wata tukunya zuwa wata ba sikeli.

Goge kan murhu, canja zobe, canja tiyo, waɗannan mai gida zai iya. Amma in an rufe bakinki kina ci gaba da huci, ko gindinki ya ci tsatsa, ko kin lotse, babu mai gyaranki a gari. Kada a kai ki wurin mai walda ko da an ce kin ƙare, domin ba ki rabuwa da sauran gas. A mayar da ke inda aka saye ki.

Ke matafiyiya ce. Yau kina gidanmu, gobe a musanya ki a kanti, jibi kina wurin masu cikawa. To ki kai musu saƙona. Su manna miki takarda mai hotuna, wuta shuɗiya da rawaya, kumfar sabulu, buɗaɗɗiyar ƙofa, da bayani cikin Hausar boko da ajami, tunda Faransanci bai isa kowace madafa ba. Su ware masu tsatsa su daina mayar da su kasuwa. Mai kanti kuma ya ɗora ki a sikeli gaban mai saye, ya duba zobenki, ya shafa miki kumfa kafin a ɗaure ki a bayan babur. In mai sayen yau ya fara, ya nuna masa yadda ake kunnawa da kashewa, ya kuma sa shi ya gwada da hannunsa kafin ya tafi.

Wassalam,
Wani mazaunin Madarunfa