Mawaƙin da Abokina Ya Ce Kada in Faɗa wa Kowa

Akwai wani irin aboki da in ka ce kana son mawaƙi, sai ya tambaye ka mutum nawa suka san shi. In masoyan sun fi cikin tasi ɗaya, to a wurinsa mawaƙin ya lalace. Irinsa ne ya turo mini MF DOOM ta WhatsApp da tsakar dare, tare da gargaɗin kada in yaɗa, kamar mai ba ni laƙanin tsari. Da na ce, "Wallahi mutumina, bawan Allahn nan ya iya," sai ya yi tsaki. Wai ai yanzu har yaran TikTok sun san shi.

Shi DOOM ɗin a Landan aka haife shi a 1971, a Amurka ya tashi, kuma ya yi suna da hawa dandamali da takunkumin ƙarfe a fuska. Faifan Madvillainy da suka yi da wani mai suna Madlib a 2004 cike yake da gajerun waƙoƙi, yawancinsu ba amshi, ba inda mai sauraro zai sa baki. Kana gyara zama, waƙa ta ƙare.

Amma inda ya gama da ni shi ne maganar 'yan aike. An sha zarginsa da tura wani ya sa takunkumin ya hau dandamali a madadinsa. Jama'a sun biya kuɗin shiga, suna ta tafa wa ɗan aike, maigida kuwa yana can inda yake. Ko rasuwarsa ma a watan Oktoban 2020 ta faru, amma sai ranar 31 ga Disamba matarsa ta sanar.