Mariazell: Bayani Ga Mai Niyyar Hawa Dutse

Mariazell gari ne a jihar Steiermark ta ƙasar Ostiriya, yana zaune a cikin tsaunukan Alps, mita 868 sama da teku. Babban abin da ke jawo mutane zuwa can tsawonsa santimita 48 ne. Hasumiyar da aka gina domin girmama shi kuwa tsawonta mita 90. Wanda ya riƙe waɗannan alƙaluma biyu ya fahimci yadda mutanen garin suke tafiyar da al'amuransu.

Abin mai santimita 48 sassaƙen Maryamu ne riƙe da jariri, da wani itace mai laushi aka yi shi. Bisa labarin da Kiristocin wurin suke bayarwa, wani ɗan zuhudu mai suna Magnus ne ya ɗauko shi daga gidan zuhudun St. Lambrecht. Ranar 21 ga Disamba 1157 wani falalen dutse ya tare masa hanya, ya yi addu'a, dutsen ya tsage, ya wuce. Da ya iso sai ya ɗora sassaƙen a kan kututture, ya gina masa bukka. Bukkar nan ce ba a gama faɗaɗawa ba har yau. Sarkin Hangari Luwis na Ɗaya ya gina coci a kanta a ƙarni na 14 don godiyar nasarar yaƙi, a ƙarni na 17 aka ga cocin ya yi kaɗan aka ƙara masa ciki da hasumiya biyu masu kan albasa, aka bar tsohuwar a tsakiya. Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya ta ba da shingen azurfa. Kowane mai mulki ya zo da nasa. Sassaƙen dai yana nan a santimita 48.

Baƙo ya sani cewa ko ya iso, ba itacen zai gani ba. Sutura zai gani. Shekara da shekaru masu hali suna ɗinko wa sassaƙen riguna masu ado, har sun haura ɗari, ana canza masa su bisa lokutan ibada. Kwana uku kacal a shekara ake barinsa ba riga: Juma'ar da ke gaban Ista, da 8 ga Satumba, da 21 ga Disamba. Sauran kwanakin kawuna biyu ne ke leƙowa daga saman yadi. Wanda ya tako daga Viyana, babban birnin ƙasar, zai iya tabbatar wa mutanen gida cewa ya ga kawunan.

Maganar takowa kuwa, hanya biyu ce. Ta farko ƙafa. Akwai tsohon tafarki da ake kira Via Sacra, kimanin kilomita 120 daga Viyana, ana cin sa a kwana huɗu ko biyar, mafi yawansa hawa, abin da ya rage kuma gangara ce da ke kai mutum gindin wani hawan. Ta biyu jirgin ƙasa daga St. Pölten, a kan siririn layin dogo mai faɗin santimita 76, wanda aka sa wa lantarki tun 1911. Tafiyar wajen kilomita 85 ce, jirgin yana cinye ta a sama da awa biyu, saboda ya fi yarda da kewaya dutse a kan yi masa gardama. Sababbin jiragen da suka fara aiki a 2013 an sa musu suna Himmelstreppe, wato matakalar sama, suna da kujeru masu laushi da manyan tagogi. Don kada mai jirgi ya koma gida ba ladar wahala, an ajiye tashar nesa kaɗan da tsakiyar gari. Sauran tafiyar da ƙafa ce.

Bayan ibada sai ciki. Nan ne tsarin garin ya fi nuna hikima. A dandalin da ke gaban cocin ana sayar da Lebkuchen, wani burodi mai zuma da kirfa da kanumfari, wanda gidan Pirker ya yi suna da shi. An zaɓe shi ne tun asali saboda yana jure doguwar tafiya ba ya lalacewa, mai ziyara ya ci a hanya ya kuma kai wa na gida. Matsayinsa wajensu matsayin dabino ne a jakar alhaji: wanda ya dawo babu shi, sai ya kawo shaidu. A dandalin nan dai, taku kaɗan daga mai burodi, akwai shagon Arzberger, wanda tun 1883 yake haɗa ruwan gyaran ciki da ganyaye iri 33. Giya ce, ko da an kira ta magani, don haka Musulmi sai ya kalli kwalbar ya wuce. Ga kuma kantin magani na Gnadenmutter, wanda yake nan tun 1718, shi ma da nasa maganin ciki. Garin da ke sayar da abin da ke cika ciki a ƙofa ɗaya, yana sayar da abin da ke sauke shi a ƙofa ta gaba, bai bar wa baƙo dalilin fita da canji ba.

A saman cocin akwai ɗakunan ajiya, bangonsu cike da hotunan da mutane suka kawo don godiya, dubbai. Wannan keken doki ya kife da shi ya tsira, wancan gidansa ya kama wuta, wata ɗanta ya faɗa kogi aka tsamo shi. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai fito da cikakken ilimin duk hanyoyin da mutum zai iya jin rauni a tsakiyar Turai cikin ƙarnoni da dama. Ni a ganina nan ne wurin da ya fi cancantar ɓata lokaci, domin masu zanen ba gwanaye ba ne, amma ba wanda ya rage wa hatsarinsa komai.

Wanda ya hau mita 868 bai ƙoshi ba, akwai tsaunin Bürgeralpe mai kimanin mita 1,267. Tun 1928 ake hawansa a cikin akwatin da ke rataye a waya. A sama akwai hasumiyar kallo, saboda an lura tsaunin shi kaɗai bai kai ba. Daga can ana hango garin da mutum ya baro yanzun nan. Akwai kuma wurin da ake nuna yadda masu saran itace na da suka sha wuya, a kalla, a tausaya musu, a shiga gidan abinci. A ƙasa ga tafkin Erlaufsee, ruwansa garau, ana wanka a cikinsa lokacin zafi. Lokacin zafi a nan magana ce ta kalanda.

Yanayin ba ya duba fuska. Fafaroma Benedict na 16 ya zo ranar 8 ga Satumba 2007, bikin cikar wurin shekara 850, ruwa ya yini yana zuba a kan jama'a da manyan baƙi daidai wa daida. Hukuma ma ta taɓa gwada ƙarfinta: Sarki Yusuf na Biyu na Ostiriya ya hana wannan ziyara a shekarun 1780. Ya mutu a 1790, daga baya ziyara ta dawo. Baƙon da ya fi kowa haƙuri kuwa shi ne Kadinal Mindszenty na Hangari, wanda aka binne a cocin a 1975 bisa wasiyyarsa cewa kada a mai da shi gida sai mulkin Kwaminis ya kau. Ya jira shekara 16, a 1991 aka kwashe shi zuwa Esztergom da ke ƙasarsa.

Mai son zuwa a watan Disamba zai tarar da kasuwar Kirsimeti a dandali, da ƙaton zoben ganye mai faɗin mita 12 da nauyin tan 6, wanda aka rataya sama da kawunan mutane. Masu ziyara kan tsaya daidai ƙarƙashinsa su ɗauki hoto, burodin zuma a hannu ɗaya.