Farali Kifaya a Sashen Gashin Ƙashi

Duk malamin da Allah ya jarrabe shi da duba aikin rukuni na ɗaliban gashin ƙashi, inda akan haɗa mutum shida a damƙa musu majinyaci ɗaya mai shanyewar ɓarin jiki, su bi shi mako huɗu su kawo rahoto guda, ya san yaran nan sun daɗe da yin ijma'i cewa aikin farali kifaya ne, idan ɗaya ya yi ya faɗi a kan saura, alhali kuwa maki farali aini kowa yake ɗaukarsa.

Akwai Uwar Ɗawainiya, mai jajayen idanu don rashin barci, wadda ta yi kome, Allah ya saka mata. Akwai Ma'aji, wanda hujjarsa ɗaya ita ce shi ya biya kuɗin buga takarda. Akwai kuma Makwafi, wanda a rahotonsa tsohonmu manomin gero ya wayi gari yana jin tsoron zamewa a kan dusar ƙanƙara.

Amma gwanina shi ne Jinjirin Wata, wanda ba a ganinsa a ɗakin majinyata ko da an yi ta duba, sai ranar gabatarwa ya tsaya sarai, farar riga ta sha guga, bironi uku a aljihu, ya buɗe baki da "mun lura" da "mun auna" cikin fasahar da limamin Juma'a zai yi wa kwaɗayi. Idan ka tambaye shi digiri nawa gwiwar tsohon take lanƙwasawa, sai ya yi gyaran murya, ya dubi rufin ɗaki, ya saci kallon leɓɓan Uwar Ɗawainiya, sa'an nan ya ce mas'ala ce mai saɓani. Takardar da 'yan rukuni ke auna juna kuwa, goma bisa goma suka ba shi, don wai kakarsa ta rasu, karo na uku ke nan a zangon. Ban cika tsananta masa ba, gama a zamaninmu ni ma kuɗin buga takarda na biya.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne Mai Cike Gurbi. Ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5 ake auna shi, kuma ba a ba da 3 sai gaɓa ta iya ɗaguwa da kanta. Shi kuwa yana kwance a ɗakin kwanansa ya rubuta 4 ga hannun da na gani da idona ba ya rabuwa da katifa, hannun da bai taɓa riƙewa ba, kuma mutumin nan bayan shekara biyar za a ba shi lasisi a sakar masa iyayen mutane. Sifili na ba shi. Kashegari rukunin suka zo ban haƙuri, Jinjirin Wata ne a gaba, shi ke jawabi.