Majalisar Bakin Titi

A Libreville, babban birnin Gabon, manya sun daɗe suna muhawara. Jirgin ƙasa na cikin gari za a kawo, ko gadar sama, ko a ƙaro motocin bas na kamfanin Trans'Urb? Kowa da zanensa. A zanen kuwa babu cunkoso, sai itatuwa.

Talaka ma yana tasa muhawarar a bakin titi a unguwar PK12, sai dai ba ta jan lokaci. Tasi ta rage gudu, ka leƙa, ka faɗi unguwa da abin da za ka biya. Direba ya danna hon, ƙudurinka ya wuce. Ya ƙara wuta, an yi watsi da shi, babu ɗaukaka ƙara. Sai ka ɗora sefa 500 a kai, ka gabatar wa direba na gaba don karatu na biyu.