Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Hunturu

Zuwa ga Mai Girma Hunturu,
Sarkin Ɗari, Uban Hazo, Angon Ƙura,
Ta hannun duk direban tirelar da ya nufi Chadi, tunda iskarka zuwa kawai ta iya, ba ta komawa da saƙo.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda talaka ke yi wa mai mulkinsa, ina fata ka sauka lafiya. Na so in ƙara da "Allah ya ja zamaninka", sai na tuna daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris ɗin da kake yi mana duk shekara ma da ƙyar muke ganin bayansa, don haka na haɗiye addu'ar. Iyali kuwa ba sai na tambaya ba, duk na gan su. Ƙura tana kwance a kan teburina, hazo ya tokare bakin ƙofa, mura kuma tun makon jiya ta tare a ɗakin yarana da kayanta.

Ka gafarce ni da na aiko takarda maimakon in zo da bakina. Bakin ne ba ya buɗuwa, kai kuma ka fi kowa sanin dalili.

Yau da safe, bayan gari ya waye a agogo, don a sama dai ba wanda ya ga rana, na tsaya a teburin mai shayin bakin layinmu. Mu bakwai ne a benci, kowa ya rungume kofinsa da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri ranar suna. Sai ga telan unguwarmu ya ɓullo, dattijo mai furfura a gemu, wanda ko a gidan biki ba a cika ganin haƙorinsa ba. Yana sanye da rigar sanyin da ya tsinto jiya a gwanjon Ƙofar Wambai. Ruwan hoda ce, ranka ya daɗe. Ga gashi lufu-lufu ya zagaye wuya, ga ƙugu a tsuke, ga maɓallai jere a hagu. Mutumin da ya shekara talatin a kan keken ɗinki ya fi kowa sanin rigar da maɓallanta ke hagu ta su wa ce, amma ɗarinka ya sa ya ajiye iliminsa a gida.

Kowa ya gani, kowa ya tusa kai a kofi. Sai wani Bazazzagi mai sayar da kayan gyaran babur, wanda bai taɓa barin Bakano ya wuce salin-alin ba, ya ajiye shayinsa, ya sauko daga benci, ya durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, barka da asuba. An tashi lafiya? Ya Alhaji, ya ƙarfin jikin nasa?"

Tela ko gezau. Ya gyara gashin wuyan rigar, ya ce, "Yana gaishe ka. Ya ce in tuna maka kuɗin ɗinkin Sallar bara."

Nan fa benci ya ɗauka. Ni ma na saki baki iya sakinsa, sai na ji tsat! a tsakiyar leɓen ƙasa, kamar an yaga sabuwar shadda. Jini ya ɗiga a kan burodina. Mai shayi ya leƙo, ya duba, ya ce, "Malam, ni dai bota kaɗai na shafa maka." Wannan ta sake tayar da dariyar, tsagar ta ƙara nutsewa.

Ba yau ka fara ba, na kuma saba shanyewa. Ruwan alwalar Asuba da ka mayar reza, ban rubuto ba. Fason dunduniyar da ke kama bargo cikin dare yana ƙarar yagewa, ban rubuto ba. Ƙafafun yara da suka koma kamar an tsoma su a toka, ƙofar mota da ke fizgar yatsa in an taɓa, jiragen da hazonka ke hana sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano har masu tarbar baƙi su kwana a mota, duk na ce baƙo raɓa ne, gobe ba shi.

Amma dariya? Haba Hunturu! Me dariya ta tsare maka?

Ka dubi ƙasar nan da kyau, in hazonka zai bar ka ka gani. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mene ne bai tashi ba? Kwanon shinkafa ya tashi, kuɗin Adaidaita ya tashi, burodin mai shayi ya ƙanƙance har tafin hannu na rufe shi. Abu guda da ya rage wa talaka yana ɗiba ba mudu, ba layi, ba "kawo canji", ita ce dariyar bakin titi. Da ita muke karya kumallo ranar da kuɗin ƙosai bai samu ba. Da ita mai bin bashi da wanda ake bi suke rabuwa ba a dangana da gidan mai unguwa ba, ka ma gani da idonka tsakanin tela da Bazazzagi. Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, jika da kakarsa, taubashi da taubashiyarsa, duk da wannan aba suke zaune lafiya tun kaka da kakanni. Shi ne ka zo ka gindaya shinge a kan leɓe kana karɓar kuɗin wucewa, da jini kuma! Tun 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a jihar Kano. Kai wa ya ba ka izinin dawo da su ta ƙofar baki? Ina rasit ɗin?

Ka san yadda na yini kuwa? A wurin aiki ana ta ba da labari ana ƙyaƙyatawa, ni ina gefe ina "hmm, hmm" ta hanci kamar tantabara a kan ƙwai. Kafin Azahar magana ta zaga cewa an yi mini alƙawarin ƙarin girma, shi ya sa na fara shan ƙamshi. Da La'asar na biya gaida surukata. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ni kuwa na shiga da tawa a naɗe. Sau uku tana tambayata ko lafiya, ina cewa "lafiya lau, Mama" ta gefen baki kamar mai tauna goro a ɓoye. Ina fita ta ɗauki waya ta kira 'yarta, wai ta faɗa mata gaskiya, me ta yi wa bawan Allahn nan?

Na iso gida na tarar uwargida ta yi ɗanwake na ban haƙuri a kan laifin da ita kanta ba ta san shi ba. Ta zuba man gyaɗa, ta zambaɗa yaji yadda ta san ina so. Loma ɗaya na kai, yajin ya sami tsagar nan, hawaye ya wanke mini fuska. Ta ajiye cokali, muryarta na rawa, ta ce, "Baban yara, ashe abin har ya kai haka?"

Duk wannan da sauƙi. Wanda ya tsaya mini a rai na 'yar autata ne, mai shekara biyar. Ta zo ta raɓe a jikina muna jin ɗumin garwashin da aka rage, ta yi shiru can, sai ta ce, "Baba, shi Hunturu in yana jin sanyi, wa yake hura masa wuta?" Ta ɗago tana kallon fuskata. Ka san yaro, in ya faɗi magana, a fuskar ubansa yake duba ko ta yi kyau. Ni kuwa na sa yatsu biyu na dafe leɓe, na gyaɗa kai kamar alƙali. Ta ɗan jira, ba ta ga komai ba, ta zame ta tafi wurin uwarta. Wannan dariyar tata ce, Hunturu, haƙƙinta ce, kai ka cinye.

Da haushi ya ishe ni sai na bi diddigin asalinka, don Bahaushe ba ya faɗa da mutum bai san gidansu ba. Ashe babbar taskar ƙurarka wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele. Iska ce ke matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi kamar an danne bakin tiyo, ta kwashi farar ƙasar wurin ta yo sama da ita. Kwarin nan kuwa gindin tsohon Tafkin Chadi ne na dubban shekarun da suka wuce, lokacin yana ƙaton ruwa, farar ƙasar kuma ragowar ƙananan halittun ruwa ce da suka mutu suka bushe. Wato duk safiya gawar tsohon tafki kake barbaɗa mana a shayi, muna sha muna cewa madara ta yi gardi.

Na kuma gano kana da inda kake alheri. Masanan hukumar NASA ta Amurka sun ƙiyasta a 2015 cewa kimanin tan miliyan 27 na ƙurar Sahara ne ke tsallake Tekun Atilantika duk shekara ya sauka a dajin Amazon, ya zama taki. Ka ji fa! Mutanen Burazil, da ko gaisuwa ba ta haɗa ku ba, kana kai musu taki kyauta har gida, ba kuɗin mota. Mu da kake bi ta tsakar gidanmu, manominmu na neman buhun taki kamar zinariya, ka yafa masa ɗan abin da ya zube a hanya, ka haɗa masa da tari.

Wai har Turawan da suka zauna a bakin teku suna yi maka laƙabi da "likita", saboda kana rage musu gumi. Likita! Wane irin likita ne ke yanka ba allurar kashe zafi, ba ɗinki, ba sannu? Kai wanzami ne, wanzamin ma irin wanda ba a kira shi ba. Ka kuma san inda kake sa aska. Fatar ɗan Adam kusan ko'ina tana fitar da maiƙonta da kanta, sai tafin hannu da tafin ƙafa da leɓe ne aka bari ba gata. Su kake bi. Marayu! Ka tsotse laimar iska har ta faɗi ƙasa da kashi 15 cikin 100, leɓe ya bushe ya yi ɓawo, mutum ya lasa don ya sami sauƙi, yawun ya ƙafe ya tafi da ɗan damshin da ya rage. Ka sa mutum ya taya ka da harshensa. Wannan ai ko ɓarawon da ke aron tsanin maigida ya fi ka kunya.

Na san abin da za ka ce. Alkamar Kadawa ba ta yi sai da sanyinka, sauro ya yi sauƙi, wanki na bushewa kafin a gama shanya, mangwaro ya yi fure. Na ji, an gode. Kada dai ka kawo mini zancen Afrilu, wai in zafi ya haura digiri 40 zan neme ka. Wannan tsakanina da Bazara ne, tata wasiƙar daban.

Buƙatuna ba su da yawa. Ka ba teburan mai shayi hutu daga sallame Asuba zuwa ƙarfe takwas. In ba za ka iya ba, ka riƙa yin sallama kafin ka tsaga, mutum ya samu ya rage faɗin dariyarsa. In kuwa harajin nan dole ne, to ga masu dariyar ƙeta nan birjik, ga mai gidan hayar da ke murmushi kafin ya faɗi sabon kuɗi, ga masu washe baki a fasta duk shekara huɗu. Je ka can, akwai leɓuna masu ƙiba.

Da nan na yi niyyar rufe takardar, sai Magariba ta zo da nata. An ɗauke wuta, kwalbar man kaɗanya ta ƙare, basilin kuma yara sun kai shi inda Allah kaɗai ya sani. Na lalubi gaban madubin uwargida cikin duhu, hannuna ya faɗa kan wani ɗan abu mai murfi. Na murza, na shafa, na ji laushi har da ƙamshin alawa. Na ce madalla, na ƙara shafawa sama da ƙasa, na nufi masallaci. Na dai lura wanda ke haguna a sahu ya yi sallama ya daɗe bai juyar da kai hagu ba.

Da aka fito na ratsa ta wurin mai shayi, inda fitila ke ci. Tela na zaune cikin rigarsa ruwan hoda. Ya dube ni, ya sake dubana. Sannan ya muskuta a hankali, ya kaɗe ƙurarka daga benci da gefen hannu, ya ce, "Amarya, bismillah. Zo ki zauna nan kusa da Hajiya."

Bazazzagi sai da aka ɗaga shi daga ƙasa. Mai shayi ya zubar da rabin buta. Ni kuwa na dafe baki da hannu biyu, na yi iya ƙoƙarina, Allah ya gani, amma ina! Tsat! a gefen hagu. Yanzu biyu gare ni, reras, kamar tsagar gado.

To ka rubuta a littafinka, na biya na yau har sau biyu, ba ka bi na ko ɗigo. Na dawo gida na tashi 'yar autata daga gyangyaɗi na ce ta maimaita mini tambayarta, na biya ta ita ma da abin da ya rage na leɓen. Gobe in Allah ya kai mu ina kan benci tun da sassafe, don Bazazzagi ya rantse zai zo da kuɗin ɗinki a hannu da guɗa a baki. Sai ka wasa askarka.

Naka, ba don yana so ba,
Mai tsagaggen leɓe,
Daga wani layi a birnin Kano.

Ƙarin bayani: in ka ga ja a ƙasan takardar nan, kada ka ɗauka hatimi ne. Ko jinina ne ko jambakin uwargida, har yanzu ba a kawo wuta ba balle in tantance.