Injin da ya mutu a ɗakin Jiri Kosina

Faifan floppy ɗan murabba'i ne mai faɗin inci 3.5, abin da yawancinsu ke ɗauka bai wuce megabait 1.44 ba. Hoto ɗaya na wayar yanzu ya fi ƙarfinsa. Duk da haka akwai manhajar da ke sa kwamfuta ta iya karanta shi a cikin zuciyar Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa da kansa tun farkon shekarun 1990, aka yi ta yi mata ƙari da faci.

A Linux kusan kowane sashe da mai kula da shi, akwai kuma kundi guda da ake rubuta sunan kowa kusa da sashensa. Kafin Yulin 2019 sashen floppy yana hannun Jiri Kosina, injiniya a kamfanin SUSE. Ba naɗa shi aka yi ba. Ya gyara wata matsala ce a manhajar, yana kuma da injin floppy na gaske da yake gwada duk gyaran da aka aiko masa kafin ya sa hannu, sai ya ɗauki nauyin.

Ana nan sai injin ya daina aiki.

A wurinsa injin yake, babu mai leƙawa. Da ya ga dama da ya ci gaba da sa hannu a kan abin da bai gwada ba, shekara da shekaru, sunansa na nan a kundi. Bai ce injin hutawa yake yi, zai farfaɗo ba. Bai nemi wani ɗan'uwansa ya riƙe masa wurin ba. A watan Yulin 2019 ya rubuta 'yan layuka cewa injinsa ya mutu, lokacin sauka ya yi, har da zolayar kansa kan girman muƙamin da zai bari. Aka goge sunansa, aka rubuta cewa sashen maraya ne.

Maraicin bai daɗe ba. Denis Efremov, wanda a watan na Yuli ya gano wasu kurakurai masu haɗari a manhajar ya kuma gyara su, shi ya karɓa. Kosina ya ci gaba da kula da sashen allon rubutu da linzamin kwamfuta, inda kayan gwajinsa ke da rai. Su Kosina mutane ne masu wata irin ɗabi'a, kuma ƙasarsu da nisa.